Ƙara Daban, Daɗi Daban: Abubuwan Mamaki 20 Game da Lasifikar Gida

Duk wanda ya ratsa kasuwar Kontagora da hantsi, kunnensa ne ke kai shi layin masu kayan lantarki tun kafin idonsa ya hango shi. Wannan shago wa'azi, wancan ƙira'a, na gaba kalangun Shata, kowa ya ƙure murya don a san tasa ta fi. Mai saye yakan ɗauki wadda ta fi tsawa, ya kai gida ya kunna, sai ya ji kamar an musanya masa a hanya. Ba wanda ya musanya masa. Ɗaki ne ya sauya, da mazauni, da waya, da wutar da ke shiga. Ga abubuwa ashirin da suka ba ni mamaki, kuma mafi yawansu gyara ne da ba ya cin ko sisi.

1. Akwai gora a cikin lasifikarka

Masu ba da tarihi suna cewa sunan Kontagora daga "kwanta gora" ya samo asali, zamanin da Umaru Nagwamatse ya kafa garin a shekarun 1860. To, ɗauki goran da ba ruwa ka busa a bakinsa, za ka ji "huuu" mai kauri. Zuba ruwa rabi, muryar ta sirance. A daidai waɗancan shekaru, a 1863, wani masani Bajamushe mai suna Hermann von Helmholtz ya bayyana dalili: iskar da ke wuya tana rawa ne a kan iskar da ke ciki. Ramin nan da kake gani a jikin akwatin lasifika wuyan gora ne, shi ke ƙara kaurin sauti. In a baya yake, kada ka manna shi da bango, bar masa taƙi ɗaya ko biyu. Ka riƙa leƙa shi kuma, don zanzaro yana son gina ɗakinsa a ciki.

2. Ta shekara ɗari ba ta sake hali ba

A 1925 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, suka fito da irin lasifikar da muke amfani da ita yau. Kayan haɗinta uku ne: maganaɗisu, da naɗin siririyar waya da masu gyara ke kira koyil, da faifai mai siffar mazurari. Wuta ta shiga koyil, ya yi gaba ya yi baya, faifai ya tura iska. Ta wayar hannunka da ta babban masallaci duk hikimar ɗaya ce. Har yau kuma akwai lasifikoki masu tsadar gaske da faifansu na takarda ne.

3. Gwangwanin kifin Ɗan Maraya

Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce a kan ɗan gwangwani da aka rufe da fata. Cire gwangwanin, da ƙyar za a ji tsirkiyar. Haka garaya da goge suke da ƙwaryarsu. Lasifika ma in ka ciro ta daga akwati ka kunna, za ka ji murya siririya kamar ta sauro, saboda iskar da ta tura ta gaba tana zagayowa ta cike gurbin baya, su kashe juna. Aikin akwati shi ne raba su. Saboda haka kusa ɗaya da ta kwance, ko tsaga a jikin katako, tana iya zubar da kaurin sauti. Ɗaure kusoshi, ka toshe tsaga da gam.

4. Mafi yawan wutar zafi take zama

Lasifikar gida ta yau da kullum, abin da take mayarwa sauti bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na wutar da ta sha ba. Saura duk zafi ne a cikin koyil. Shi ya sa mai gyara ke fara sansana ta kafin ya ɗauko sukuddireba. In ya ji ƙauri, ya san labarin.

5. Lambar da ke jikin kwali

Za ka ga an rubuta wat 5,000 da manyan baƙaƙe a kwalin abin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya. Duba kusa da lambar. In ka ga PMPO, wannan ƙarfin ƙiftawar ido ne, kuma ba wata ƙa'ida guda da aka yarda da ita wajen auna shi. Lambar da ake dogara da ita ita ce mai RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa tana tafiya. Rikicin ya tsufa: tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka a kan yadda za a riƙa rubuta ƙarfin amfilifaya. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

6. Ninki biyu sai an biya ninki goma

Wanda ya bar amfilifaya mai wat 50 ya sayi mai 100 yana zaton ƙara za ta ninka. Abin da zai samu desibel 3 ne kacal a ma'aunin ƙara, ɗan ƙari da kunne zai lura da shi amma ba zai yi mamaki ba. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato a ninka wuta sau goma: daga 50 zuwa 500. Matso da kujerarka kusa ya fi wannan araha nesa ba kusa ba. A fili, in ka rage rabin tazarar da ke tsakaninka da lasifika, ka ci ribar desibel 6.

7. Ƙaramar amfilifaya ita ke kisa

Mutane sun fi tsoron babba, alhali ƙaramar da aka ƙure tana ƙona lasifika ba sau ɗaya ba. In aka matsa mata fiye da ƙarfinta, sai ta riƙa gutsure kan sautin, ta aika da shi a murƙushe, 'yar ƙaramar lasifikar sama mai fitar da siririn sauti ta sha zafi ta mutu. Alamar ita ce murya ta fara shaƙewa tana karta. Ranar da wuta ta zo ba ƙarfi, ko janareta yana tari, abin ya fi saurin faruwa. Haka nan jera lasifika huɗu a baki ɗaya: biyu masu om 8 (ma'aunin turjiyar wuta) sun koma 4, huɗu sun koma 2, amfilifaya ta ɗauki zafi. Hausawa sun riga sun faɗa: in ka ji ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa.

8. Ja da baƙi

Na taɓa zama a rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo, wani matashi ya sauke lasifika biyu daga kan babur.

"Baba, sababbi ne, amma ba su da nauyi ko kaɗan. Ko an yi mini jabu ne?"

Dattijon bai taɓa kusa ko ɗaya ba. Ya ɗauki batirin tocila, ya ɗora wayoyin ta farko a kai na ɗan lokaci, faifan ya yi "tuf" ya turo waje. Ya gwada ta biyu da wayar da yaron ya ɗaura, faifan ya shige ciki.

"Ka gani, ɗana? Wannan tana turawa, wannan tana ja. Yaushe za su yi nauyi? Juya wayar nan, ja ga ja, baƙi ga baƙi."

Da aka juya aka kunna, sai da gwangwanin kusoshin da ke kan teburin ya motsa. Bai karɓi ko kwabo ba.

9. Malamin da ya yi ta jigilar matasai da dare

A 1895 jami'ar Harvard ta buɗe wani zauren lacca da ba a gane maganar malami a cikinsa, don kalma takan yi fiye da sakan 5 tana yawo. Aka ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, neman mafita. Shi da mataimakansa suka riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zaure na kusa cikin dare, su jera, su busa sarewa, su auna da agogo, su mayar kafin gari ya waye. Daga nan ya gano lissafin amsa-kuwwar ɗaki, aka gina babban zauren kiɗa na Boston da shi a 1900. Darasin: abu mai laushi yana shanye amsa-kuwwa, mai tauri yana maido ta.

10. Ɗakin amarya ya fi falon Alhaji

Falon zamani tayil ne a ƙasa, siminti a bango, gilashi a taga, silin mai santsi a sama. Sauti ya rasa wurin kwanciya. Ɗakin amarya kuwa ga kafet, ga labule mai kauri, ga kushin, ga katifa, sai ka ji 'yar ƙaramar rediyo tana magana tar. Tsohon soron ƙasa mai tabarma da buzu ma yakan fi falon tayil daɗin hira. Gwaji mai sauƙi: tsaya tsakiyar ɗaki ka tafa sau ɗaya. In ka ji wani "zirrr" ya biyo baya, shimfiɗa darduma tsakaninka da lasifika, ka rataya labule. Matsalar ɗakin amarya guda ce, jeren samiru da tangaran da ke cikin kabet. In ka ji kacau-kacau, sa tsumma a tsakaninsu kafin ka zargi na'ura.

11. Kiret ɗin ƙwai ba ya tare ƙara

Wasu na manna kiret ɗin ƙwai a bango don kada maƙwabta su ji. Yana iya ɗan rage amsa-kuwwar siririn sauti a cikin ɗakin, amma ba ya hana ƙara fita. Abin da ke tare ƙara nauyi ne da rashin kafa: bango mai kauri, ƙofa mai nauyi, da toshe ƙarƙashinta. Ga shi kuma takarda ce, abincin wuta da mafakar kyankyasai.

12. Rarrafe neman mazauni

Matsa lasifika jikin bango, kaurin sauti ya ƙaru. Kai ta kusurwa, ya ƙara ƙaruwa, wani lokaci har ya zama gurnani ya danne magana. Kuma a ɗaki ɗaya, wanda ya jingina da bango yana jin dum-dum har ƙirjinsa, na tsakiya yana cewa ba ya jin komai, saboda sautin da ya dawo daga bango yana haɗuwa da mai tafiya, wani wuri su ƙarfafa juna, wani wuri su kashe juna. Ga dabarar masana: ɗora babban akwatin nan mai fitar da kaurin sauti, wato wufa, a kan kujerar da kake zama, ka kunna kiɗa mai ganga, ka bi gefen bango da rarrafe kana saurare. Inda ka ji dukan ganga ya fito ɗaya-ɗaya ba gurnani, nan ne mazauninsa.

13. Murhun duwatsu uku

Wani injiniya Bature a Ingila, Alan Blumlein, ya je kallon fim, abin ya dame shi: ɗan wasa yana wannan gefe, muryarsa tana fitowa daga wancan. A 1931 ya yi rajistar dabarar raba sauti dama da hagu, wato sitiriyo. Amma dabarar ba ta aiki in ka jera lasifikokin biyu kafaɗa da kafaɗa a ƙarƙashin talabijin. Ka yi musu zaman murhu: ta dama dutse ɗaya, ta hagu dutse ɗaya, kanka na uku, tazara daidai wa daida, ka ɗan karkato fuskokinsu wajenka. In ka dace, za ka ji murya tana fitowa daga tsakiya, inda babu lasifika ko ɗaya.

14. Hausa tana zaune a saman sauti

Kunnen yaro lafiyayye yana jin kaɗawar iska daga sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan. Sauti mai kauri, mai kaɗawa sau 50, tsawon zangonsa kusan mita 7 ne, yana zagaye kujera ya ratsa bango. Siriri mai kaɗawa sau 10,000 bai kai santimita 4 ba, yana tafiya ne kai tsaye kamar hasken tocila, abu kaɗan ya tare shi. Baƙaƙe irin su s da sh da ts da f a can sama suke. In suka ɓace, sai "sara" da "shara" da "tsara" su zama abu guda. Saboda haka ka ɗaga ƙananan lasifikoki daidai kunnen mai zaune. Kada ka ajiye su a ƙasa bayan kujera, kada ka lulluɓe fuskarsu da kyallen ado.

15. Kunne ba ya adalci

A 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na cibiyar binciken Bell suka nuna cewa kunne ya fi jin sautin da ke tsakanin kaɗawa 2,000 da 5,000, kuma in aka rage murya, kaurin sauti ne ke fara ɓacewa. Shi ya sa a kasuwa wadda aka fi ƙure wa murya take kama da wadda ta fi kyau. In za ka saya, ka ce a kunna maka biyu da ƙara iri ɗaya, a ƙasa-ƙasa, da karatu ko labarai na muryar da ka sani sarai. Wadda ta fitar da magana a hankali ita ce ta gari.

16. Gunjin da ya taso daga Kainji

Wani lokaci za ka kunna, kafin ka sa komai ka ji "mmmm" ba ƙaƙƙautawa. Muryar wutar lantarki ce kanta. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a sakan, kuma a kan wannan ƙa'ida injinan madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, da na Jebba da Shiroro suke aiki. A Amurka sau 60 ne, don haka gunjinsu ya ɗan fi namu siranta. Yakan shigo ne in wayar sauti ta kwanta jikin wayar wuta, ko ta wajen cajar waya marar kyau. Raba wayoyin, jona talabijin da amfilifaya a soket ɗaya, ka zare caja ka saurara.

17. Zinariya ta zo ta uku

Wajen ɗaukar wuta, azurfa ce ta ɗaya, jan ƙarfe na biyu, zinariya ta uku. Ana shafa ruwan zinariya a bakin fulogi ne don ba ta tsatsa. Wayar jan ƙarfe mai ɗan kauri, gajeriya, ta wadatar da kowane falo. Abin lura shi ne wayar alminiyam da aka yi wa ruwan jan ƙarfe, wadda ba ta ɗaukar wuta kamar ta ainihi. Kankare silinta da reza: in cikin ya fito fari, ka san abin da ka riƙe. Bakin wayar da ya yi baƙi ko kore bayan damina kuma, yanke shi ka feƙe sabo.

18. Abin da ka zuba shi za ka kwasa

An raɗa wa MP3 suna a 1995 a cibiyar Fraunhofer ta Jamus. Hikimarsa ita ce zubar da sautin da ake ganin kunne ba zai lura da rashinsa ba, har waƙa ta koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmanta a faifan CD. Matsewa ɗaya ba laifi. Amma abin da aka naɗa daga tsohon kaset, aka mayar bidiyo, aka yi ta turawa, aka sake mayar da shi sauti aka loda a memori, ya riga ya zube a hanya, kuma lasifika mai kyau tona asirinsa za ta yi. In za a loda maka, nemi na asali. Shi kuwa Bluetooth da ke kai sautin ga lasifika, laƙabin wani sarkin Denmark ne, Harald, wanda ya yi mulki fiye da shekara dubu da suka wuce.

19. Akwatin Kano na 1944, da iskar asuba

A 1944 aka fara kafa lasifikokin rediyo a bangon wasu gine-ginen jama'a a Kano, masu hali kuma suna hayar akwati a gida, a jawo masa waya daga tasha. Sashen Hausa na BBC bai zo ba sai 1957. A lokacin lasifika ɗaya ta unguwa ce, jama'a ke zuwa wurinta. Yau kowane ɗaki da tasa, ita ke zuwa wurin jama'a ko ba su gayyace ta ba. Da dare da asuba, musamman cikin hunturu, iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama sanyi, sai sauti ya riƙa lanƙwasowa ƙasa maimakon ya tashi. Shi ya sa kiran sallar asuba na wata unguwa mai nisa yake zuwa kamar a ƙofar gida. Ta wannan hanyar kiɗanka yake isa kan gadon marar lafiya da jaririn da aka sha wuya kafin ya yi barci.

20. Na'urar da ba ta da kayan gyara

A cikin kowane kunne akwai 'yan ƙwayoyin halitta masu gashi kusan 16,000, su ke mayar da kaɗawar iska abin da ƙwaƙwalwa ke ganewa. In tsuntsu ya rasa nasa, sababbi suna tsirowa. Na ɗan Adam in sun mutu sun tafi ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma in ya kai 90, awa 4 ne kawai a mako. Ta kuma ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yawan ƙara. Ma'aunin gida shi ne: in sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙara ta yi yawa. In ka kashe na'ura ka ji kunnenka yana "tiii", gargaɗi ne.

Mai karatu, kafin ka sake kai kuɗinka kasuwa, ba wa wadda kake da ita yammaci ɗaya. Duba ja da baƙi, janye ta daga bango, ɗaga ta daidai kunne, shimfiɗa darduma, kakkaɓe mata ƙurar hunturu, sannan ka rage murya ka saurara. Koyil in ya ƙone ana naɗa wani a kasuwar Kontagora, faifai in ya yage ana sake shi, amma ba rumfar da ake sayar da kunne. Ka ji daɗin kayanka, ka bar maƙwabci ya yi barci. Allah Ya bar mu da jinmu da ganinmu.